Robar banɗaki a jakar makarantar yarona, da mai busan da ya zo musu horo

Baban Khalifa: Salam jama'ar gida. Wlh yau sai na ba ku labari ko na samu sauƙin abin da ke raina. Kun san yarona na biyu yana sakandare nan Bronx a birnin Niyok, shekara biyu kenan ya shiga ƙungiyar kiɗan jazz ta makarantarsu yana busa trombon, wannan dogon da ake ja ana turawa. Ni tun farko ban so ba, uwarsa ce ta ce a bar shi tunda makinsa bai sauka ba kuma ya fi yawon titi. To satin da ya wuce ina neman caja na buɗe jakarsa sai ga robar nan baƙa da ake zuƙe toshewar masai da ita, an cire mata sanda. Na ce innalillahi yaron nan lafiya? Ya ce sabuwa ce Baba, wai wani ƙwararren mai busa ne zai zo makarantarsu ya ce kowane mai trombon ya zo da ita. Sai na ajiye mota ran nan na bi shi don in gane wa idona.

Ɗan Fagge: Hhhh Alhaji ka kai yaro Amurka ya zama mai gyaran famfo 😂 ci gaba muna ji

Baban Khalifa: Kai dai bari ɗan uwa. Mutumin ya zo, dattijo ne baƙar fata mai furfura, da ƴar jakar ƙahonsa, ba wani kwat ba komai. Yara wajen 18, masu saksofon biyar a gaba, masu trombon a bayansu, masu turampet a layin ƙarshe, gefe guda mai fiyano da mai ganguna da mai ƙaton bes ɗin nan da ake kaɗawa a tsaye. Malaminsu ya ɗaga hannu suka fara, ni dai a kunnena ba laifi. Ko minti ɗaya ba a yi ba dattijon ya tsayar da su. Ya ce kowa ya ajiye abin busarsa a cinya, ya kife takardar da ke gabansa, su rera abin da baki kawai. Yara suka fara dariya suna jin kunya, shi ko bai yi dariya ba, ya tsaya yana tafi a hankali har suka shiga. Bayan nan ya koma kan mai ganga ya hana shi taɓa komai sai faifan ƙarfe guda ɗaya, shi da mai bes su biyu rak, kusan minti goma sauran na zaune suna saurare, wai sai ƙafar kowa a ɗakin ta fara motsi da kanta sannan a ci gaba. Da ya zo kan su Khalifa ya karɓi robar ya kara a bakin ƙahon yana buɗewa yana rufewa, wlh tallahi sai ka ce mutum ne ke magana, kamar tsohuwa na mita a tsakar gida, waa waa. Tsigar jikina ta tashi. Awa biyu ya yi ya tafi. Tambayata ita ce, awa biyu ɗin nan tana gyara wani abu kuwa ko dai burga ce ta a ɗauki hoto? Don yau na ji yaron yana gwadawa a ɗaki kuma kamar akuya ake shaƙewa.

Kwaron Laburare: Baban Khalifa abin da ka gani tsohuwar dabara ce, kusan shekara ɗari. A ƙungiyar Duke Ellington, shahararren makaɗin jazz na Amurka, akwai mai trombon Joe Nanton da ake wa laƙabi Tricky Sam, da mai turampet Bubber Miley, su suka yi suna da robar nan tun shekarun 1920. Kuma ina kyautata zaton kiɗan Ellington ɗin yaran ke koyo, don akwai wani shiri na cibiyar Jazz at Lincoln Center da ke nan garinku Niyok, sunansa Essentially Ellington, tun 1995 aka kafa shi ƙarƙashin mai turampet Wynton Marsalis. Suna raba wa makarantun sakandare takardun kiɗan kyauta, kuma ba sassauƙan da aka rage wa yara ba, ainihin abin da manyan suka busa a faifai ne, wani mai suna David Berger ya zauna da kunne ya kwafe da yawa daga ciki ɗaya bayan ɗaya. Makaranta ta naɗi kiɗa uku ta aika, alƙalai su saurara, a zaɓi waɗanda suka fi su zo gasa a Niyok, an yi shekaru 15 ake zaɓa su zo a watan Mayu. Kowace ƙungiya da aka zaɓa sai an tura mata ƙwararre har makarantarta kafin ta taho, in sun iso kuma a haɗa su da ɗaya daga cikin manyan masu busa ya zama kamar ubangidansu na kwanakin.

Baban Khalifa: Eh sunan Ellington ɗin ne a saman takardar. Amma su ba su taɓa shiga 15 ɗin ba, wannan malaminsu ne ya nemo shi ta wata hanya.

Abu Sumayya: Ɗan uwa ni shawarata ka ji tsoron Allah game da yaron nan. Kai da kanka ka ce ranka bai so ba. Maganar kayan kiɗa malamai sun yi bayani, kuma tarihin jazz ɗin nan kowa ya san a gidajen rawa da mashaya ya girma. Lokacin da yake ɓatawa kan busa da hadda ya sa shi.

Admin: Malam Abu Sumayya an ji nasiha Allah ya saka. Amma don Allah kar mu maida zaren nan na fatawa, mun yi wannan muhawarar bara ta kai mu ga cire mutum uku. Mai tambaya ya tambayi abu takamaimai, a tsaya a kai.

Baban Khalifa: Na gode Malam, kuma yana zuwa islamiyya Asabar da Lahadi, izu bakwai gare shi. Addu'a dai za ku taya mu.

Tsohon Hedimasta: Ni shekara 33 na yi da alli a hannu, don haka bari in faɗa muku abin da na sani game da baƙo mai zuwa aji. Baƙo daɗi gare shi. Ba shi ya san wanda bai karya ba, ba shi ke bin wanda ya yi fashi ba, ba shi ke cika rajista ba. Ya zo ya yi abin burgewa yara su tafa ya shiga mota. Washegari malamin aji ya dawo yara na masa kallon to kai me ya sa ba ka iya irin na wancan ba. Na ga wannan da idona lokacin da ake turo mana masu bita daga birni. Ban san jazz ba amma na san yara, abin da ba a maimaita ba kullum ba ya zama. In ka ga makaranta ta yi fice ka binciki malamin da ke buɗe ƙofar ɗakin da sassafe, ba baƙon da ya zo da kyamara ba.

Kwaron Laburare: Baba Hedimasta a nan kam tarihi na bayanka. A Shikago an yi wani malami Kyaftin Walter Dyett, wajen shekara 30 yana koyar da kiɗa a sakandaren Phillips da ta DuSable a unguwar baƙaƙe, ta hannunsa Nat King Cole da Dinah Washington da Gene Ammons da Johnny Griffin suka bi. An san shi da tsanani sosai. A Seattle ma makarantar Garfield, wadda Quincy Jones ya yi, sau huɗu tana cin gasar nan ta Ellington, kuma mutum ɗaya ne Clarence Acox ya riƙe ƙungiyar fiye da shekara 40. Shi kansa Marsalis ɗin ai marigayi babansa Ellis ya koyar da kiɗa a wata makarantar fasaha ta ƴan sakandare a New Orleans. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mai Badujala: Ku dakata in sa baki don ni na busa turampet shekara tara, tun daga badujalar makarantarmu ta kwana har na zo ina bin masu kiɗan biki a Kaduna. Baba Hedimasta da girmanka, gaskiya ka faɗa amma rabi. Malaminmu na makaranta mutumin kirki ne, kullum yana nan, amma shi kansa bai taɓa jin yadda abin ya kamata ya fito ba, maci kawai ya sani na ranar yara da ranar ƴancin kai, mu yi ta hura ƙaho kamar muna faɗa da shi leɓe ya kumbura. Shekara uku ina haka. Rana ɗaya wani tsohon ɗan badujalar ƴan sanda ya zo ganin ɗansa, ya ji mu ya ƙaraso, ya karɓi ƙahona wanda ni na ɗauka lalatacce ne saboda ya lotsa a gefe, ya busa sauti guda ɗaya dogo a hankali, ɗaya tak. Na rantse ban san ƙahon nan na da wannan muryar a cikinsa ba. Ya ce min iska daga ciki take tasowa ba daga kumatu ba, ya ɗora hannuna a cikinsa ya ja numfashi in ji. Ko minti ashirin bai yi ba kuma ban sake ganinsa ba har yau. Amma duk abin da na yi bayan nan wannan sautin nake bi. Malami na koya maka hanya, amma in ba ka taɓa ganin garin da za ka ba tafiyar wahala ce kawai.

Ɗan Fagge: Kai Mai Badujala ashe kai ma malamin falsafa ne, mu da muka san ka da cacar baki kan Arsenal

Mai Badujala: Rabu da ni ɗan nema 😅

Kwaron Laburare: To ga wanda zai goyi bayan Mai Badujala, kun ga ni ba ni da ɓangare hhh. Roy Hargrove, mai turampet ɗan Texas da ya rasu 2018 yana da shekara 49. Yana ƙaramar sakandare wani mai saksofon David Newman, wanda ya daɗe yana busa wa Ray Charles, ya kawo ziyara makarantarsu, kuma wannan ziyarar na cikin abin da ya fi tasiri a kansa. Da ya shiga babbar sakandaren Booker T. Washington a Dallas sai Marsalis ya zo makarantar, ya ji shi, ya gayyace shi ya hau dandali tare da shi a Fort Worth. Daga nan ƙofa ta buɗe har ya ci lambar yabon kiɗa ta Grammy sau biyu. Baƙo biyu kenan a rayuwar yaro ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ɗana ai ka kawo min hujja ne ba ka sani ba. Da baƙon ya zo ya tarar yaron bai iya riƙe ƙahon ba zai gayyace shi? Wani ne ya yi noman, shi ya zo kaka. Kuma yaro ɗaya ka lissafa, sauran ƴan ajin fa ina suke?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa daga wajen aiki. Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne kuɗi. Ƴata ta yi saksofon shekara biyu a nan jihar da muke, makarantar farko da ta yi ta unguwar talakawa ce, kayan busan duk tsofaffi, wani an ɗaure shi da roba, malamin kiɗan kuma makarantu biyu yake rabawa, daga baya ma aka ce ba kasafi aka rufe ajin gaba ɗaya. Da muka koma wata unguwa sai na ga ashe duniya biyu ce, can iyaye na da ƙungiyarsu ta tara kuɗi, kusan kowane yaro yana da malaminsa na gida da ake biya duk sati, ga motar tafiya gasa. To in an ce takarda kyauta ce mun gode, amma takarda ba ta busa kanta. Abin da ke ban haushi kiɗan nan jikokin bayi ne suka ƙirƙire shi cikin talauci, yau kuma sai ka ga yaran unguwarsu ne ba su da ƙahon. In ƙwararrun nan da gaske suke su riƙa zuwa inda ba kowa, ba inda an riga an iya ba.

Kwaron Laburare: Hajiya wannan ƙorafin su kansu Amurkawan suna yinsa. Amma akwai masu zuwa ɗin. Billy Taylor mai fiyano ya kafa Jazzmobile a Harlem 1964, a kan mota ake ɗora masu kiɗa a kai su cikin unguwa kyauta, daga baya suka ƙara da azuzuwan ranar Asabar. A New Jersey akwai Jazz House Kids na Melissa Walker da mijinta Christian McBride mai bes. Kuma cikin waɗanda suka sha cin gasar Ellington akwai Dillard ta Fort Lauderdale a Florida, makarantar gwamnati ce mai tarihin baƙaƙe. Sannan in ana maganar talauci ai Louis Armstrong ne ƙarshe, daren shiga sabuwar shekarar 1913 ya harba bindiga sama yana ɗan shekara 11 aka kai shi gidan horon yara a New Orleans, a can wani malami Peter Davis ya sa shi a badujalar gidan. Gidan kangararru fa.

Abu Sumayya: Kun ji ko, daga gidan kangararru.

Ɗan Fagge: Malam ai fitowa ya yi ba shiga ba 😂

Maman Ilham: Wani abu kuma, a ƙungiyar su Ilham mata biyu ne cikin kusan ashirin, kuma duk sanda aka zo wajen da mutum zai tashi shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa nan take sai mazan su yi caa, ita ta noƙe. Ranar da aka kawo musu wata mata mai trombon ta yi musu horo, ta nuna ta da yatsa ta ce ke tashi, ta ce ban shirya ba, matar ta ce ba wanda ya taɓa shiryawa. Ta tashi ƙafa na rawa ta yi abin da ta yi, rabi kuskure. Da daddare ta kasa barci don murna. Yanzu ta bar busa tana karatun haɗa magunguna amma yarinyar da ba ta iya gaida baƙo ba ita ce ke tsayawa gaban aji ta yi bayani. Don haka Baba Hedimasta sauran ƴan ajin da kake tambaya ga ɗaya nan a gidana.

Tsohon Hedimasta: Madalla ƴata, Allah ya yi mata albarka. Wannan na karɓa. Amma ki lura malaminta na kullum ya san tana noƙewa, wataƙila ma shi ya raɗa wa baƙuwar.

Maman Ilham: Hhh Baba ba ka saki ba dai. Wataƙila kam.

Kwaron Laburare: Hajiya ki ba Ilham labarin International Sweethearts of Rhythm, ƙungiyar mata zalla, a makarantar Piney Woods ta yaran talakawa baƙaƙe a Mississippi ta fara 1937 don tara wa makarantar kuɗi, a shekarun yaƙin duniya na biyu sun zagaye Amurka, a 1945 har Turai sun je yi wa sojoji wasa.

Mai Badujala: Ni inda nake da ja da shirin gasar nan shi ne gasar kanta. Kiɗa ba ƙwallo ba ne. In ka ce wa yara akwai na ɗaya da na biyu sai malami ya kama kiɗa uku kacal ya yi ta dukansu wata shida har su zama kamar rikoda, har wajen da aka ce yaro ya ƙirƙiri nasa sai a rubuta masa ya haddace. To ina jazz ɗin yake? Kuma kullum kiɗan Ellington, mutumin da ya mutu 1974, yaran yanzu fa da abin da suke ji a waya?

Kwaron Laburare: Wannan suka an daɗe ana yi wa Marsalis, cewa ya maida abin kamar kayan gidan tarihi. Daga baya sun ƙara da na wasu, su Benny Carter, Count Basie, Mary Lou Williams, Dizzy Gillespie, amma duk magabata ne. Sai dai akwai wani abu game da Ellington da ya sa ya dace da yara, shi ba ya rubuta wa kayan busa yana rubuta wa mutum ne. A takardunsa sunan mai busan yake sawa, ko laƙabinsa ma, saboda ya san muryar kowa, Harry Carney mai babban saksofon ya zauna da shi tun 1927 har mutuwa ta raba. Don haka ba yaron da zai ɓuya a bayan wani, na uku a layi ma akwai inda shi ake jira. Ina jin abin da dattijon ke nema kenan da ya sa su kife takarda, su ji juna. Kuma suna da bita ta malamai ma da rani, wannan na Baba Hedimasta ne.

Tsohon Hedimasta: To ka ga wannan da shi ka fara da ban yi dogon surutu ba.

Bazazzagiya: Ni abin ya tuna min da ƴan amshi a wajenmu. Ba wanda ke zaunar da su a aji, shekara da shekaru suna bayan ubangida suna ji har wata rana ya yi mura a ce wane karɓi. Bambancin kawai mu sai ɗan gado, ɗan wani gida in ya ɗauki kalangu sai a ce ya lalace ya zama maroƙi, su kuma can sun sa shi a jadawalin makaranta kusa da lissafi. Kuma ni dai ban ga makaɗinmu babba da ya taɓa shiga makarantarmu ya koya wa yara ko kiɗa ɗaya ba, sai dai ranar bikin yaye ɗalibai ya zo ya wasa shugaban ƙaramar hukuma a yi masa liƙi.

Ɗan Fagge: Anti in ya koya wa yara wa zai masa liƙi, ƴan aji uku? 😂

Baban Khalifa: Jama'a na gode, na karanta duka. Abin da ban faɗa muku ba, da aka tashi dattijon bai tafi nan take ba, na ga ya ja malaminsu gefe sun fi minti ashirin a tsaye kan takarda yana masa alama da fensir, malamin na ta gyaɗa kai yana rubutawa a waya. Kuma ya rubuta wa Khalifa sunan faifai uku a bayan takardarsa ya ce ya ji kowanne sau ashirin kafin ya sake taɓa robar. Yaron bai bi ba, ya ji sau biyu ya koma shaƙe akuya. Jiya na shiga mota da shi na ce sa mana abin, muka ji tun daga Fordham har gida, wajen mai trombon ɗin ya ce Baba maido baya, na maido sau huɗu. Ni har yanzu ban ce na yarda ba fa, Malam Abu Sumayya ka ci gaba da addu'a.

Mai Badujala: Ka ce masa kar ya rufe bakin ƙahon gaba ɗaya, ya bar ɗan tsaga ta gefe, kuma in ya rufe sautin na sauya wuri sai ya gyara da hannun ja. Ya yi dogon sauti ɗaya minti goma kullum kafin komai, maƙwabta su yi haƙuri.

Baban Khalifa: Zan gaya masa. Maƙwabcin ƙasa ɗan Dominika ne, shi ma nasa kiɗan ba ya barin mu barci, an yi ɗaya ɗaya. Wasansu na makaranta wata mai zuwa ne, an ba shi wajen tashi shi kaɗai, in uwarsa ta ɗauka a waya zan turo.

Ɗan Fagge: Alhaji tambaya ta ƙarshe tsakani da Allah, ka tabbata robar sabuwa ce?

Baban Khalifa: Na je na duba ta banɗakinmu tana nan da sandarta. Amma uwarsa ta sa wa tasa jan fenti na farce a gefe don kar wata rana a yi musaya.